Yadda ake tsara gidan haɗaka a Zariya: fili kaɗan, wuta kaɗan, kowa da sirrinsa

Duk wanda ya taso a cikin birnin Zazzau ya san sanyin soron ƙasa da rana tsaka. Ka shigo daga zafin watan Afrilu gumi na tsiyaya, ka zauna a zauren kakanka, kafin a miƙo maka ruwan randa jikinka ya huce. Babu fanka, balle na'urar sanyaya ɗaki. Ni a irin wannan gida na girma, iyalai biyar a bayan katanga ɗaya, rijiya ɗaya, tsakar gida ɗaya. Da na yi aure sai na kama hayar ciki da falo a wajen gari, ginin bulo, rufin kwano, tagar ɗakin kwana tana kallon yamma. Daga la'asar har bayan sha biyun dare bangon nan turiri yake yi kamar tanda. In an ɗauke wuta, sai mu fito da tabarma ƙofar ɗaki, jariri a kafaɗa ana yi masa fifita. A nan na gane rabin zafin da muke kuka da shi, tun a takardar zane aka saka shi cikin gidan.

Yau fuloti ya yi tsada a Samaru, Palladan, Hanwa, Gyallesu, har can wajen Basawa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 janareta ya koma kayan masu hali, a Afrilun 2024 kuma aka kai wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta fiye da kowa, naira 225 kowane yunit. Shi ya sa 'yan'uwa da abokan aiki da 'yan adashi suke haɗa kuɗi su sayi fili tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu huɗu muka yi haka: ni, da yayana, da abokan aikinsa biyu. Abin da na koya shi ne, bango da inuwa da ruwa da zaure, in an yi tarayya a kansu ana samun sauƙin fili da na wuta. Ƙofa da banɗaki da kicin da mita kuwa, in aka yi tarayya a kansu zumunci ne ke biyan kuɗin. Ga yadda ake bi, daki-daki.

Mataki na 1: A zauna, a rubuta, tun ba a sayi ko bulo ɗaya ba

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Wannan ba mugun fata ba ne, halin ɗan Adam ne, don haka a rubuta maganin saɓanin tun ana dariya da juna. Takardar ta faɗi kason kowa a filin, da abin da yake mallakar mutum shi kaɗai, da abin da yake na kowa da kowa. Ta faɗi nawa za a riƙa zubawa duk wata a asusun gyara, da wanda zai riƙe shi. Ta faɗi ko mutum na iya saka ɗan haya a sashensa, da sharaɗin hakan.

Abu biyu ne mutane ke jin nauyin ambata, su ne kuma suka fi rusa gidajen haɗaka: sayarwa da mutuwa. In ɗaya ya so sayar da kasonsa, a fara yi wa abokan zama tayi. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya san wannan haƙƙi na abokin tarayya, shi ne shuf'a, to a tambayi malami yadda zai hau kan irin tsarinku. In kuwa rai ya yi halinsa, ya kasance sashen mamaci a bayyane yake da iyakarsa, magada su raba nasu ba tare da an ja layi ta tsakiyar rijiya ba. Mu da muka ga yadda rabon gado ya daddatsa manyan gidajen cikin birni, har wani sashen ya rasa hanyar fitar da ruwa, mun san abin da ake gudu. Lauya ya rubuta, mai unguwa da shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kofe.

Sannan a kira matan gidan su ma a ji ta bakinsu. Ranar da muka baje zanenmu na farko a gaban mahaifiyarmu, ta daɗe tana kallo, ta ɗora yatsa a kai ta ce wa yayana, "To Babangida, ina za a yi shanya? Turmi fa? Ragon layya a falo za ku ɗaure shi?" Ya ce, "Inna, wallahi ba mu kawo wannan ba." Zanen nan sai da aka sake shi gaba ɗaya, kuma na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Mataki na 2: A duba filin da damina, a duba takarda

Kada a sayi fili da rani kawai don an ga ya bushe. Ruwan Zariya kusan milimita 1,000 ne a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ce uwar tafiya. A je bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi a ga inda yake kwanciya da inda yake gangarawa. Filin da ke gaf da rafin Kubanni ko wata fadama, ko tsohon kududdufin da aka cike da shara, arhar sa ta banza ce, harsashi zai cinye abin da aka rage. A tambayi maƙwabta zurfin rijiyarsu, da watan da take ƙafewa, da inda suka haƙa sokawe.

Takardar fili a tantance ta a KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, izinin gini kuma a nema a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Su ne za su faɗi tazarar da za a bari daga titi da daga katangar maƙwabci, kuma da wannan tazara ake fara zane, ba bayan an gama ake neman inda za a cusa ta ba. Masu zanen gini ba su yi ƙaranci a garin nan ba. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello shi ne mafi daɗewa a Najeriya. A ɗauki mai rajista, shi da injiniya. Kuɗinsu in an raba huɗu ba ya da nauyi.

Mataki na 3: A san hanyar rana da ta iska

Wannan ne matakin da ba a kashe masa ko sisi, kuma shi ya fi kowanne rage kuɗin wuta. A kafa sanda a tsaye a tsakiyar filin. Da hantsi a ajiye dutse a ƙarshen inuwarta, da la'asar a ajiye wani. Igiyar da ta haɗa duwatsun nan biyu, kusan ita ce gabas da yamma. Kamfas ɗin waya ma na yi. Tsawon gini ya bi wannan igiya, wato dogayen bangaye masu tagogi su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma.

Ga dalili. Zariya tana kan digiri 11 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka da tsakar rana kusan a kan ka ranar take. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta takan ɗan karkata arewa, sauran watanni ta karkata kudu. Ranar da ke sama haka, kwanon da ya zarce bango da santimita 60 zuwa 90 ya isa ya tare ta. A ƙarshen watan Maris, zarcewar santimita 60 tana rufe bangon kudu da inuwa tun daga sama har ƙasa da tsakar rana. A Disamba, da rana ta sauko zuwa wajen digiri 55, sai haskenta ya taɓa ƙasan bangon, lokacin kuwa sanyi ake yi, ana son ɗumin. Amma ranar yamma a kwance take zuwa, kai tsaye cikin taga, babu zarcewar kwanon da ke tare ta. Maganinta uku ne: a hana ta taga, a sa kicin da sito da banɗaki a wannan ɓangare su sha zafin maimakon ɗakin kwana, a kuma dasa itace.

Iska ma da hanyarta. Ta damina mai sanyi daga kudu maso yamma take zuwa, a buɗe mata. Hunturu da ƙurarsa daga arewa maso gabas, tagogin wannan ɓangare su zama masu rufuwa ruf. Hadarin farkon damina mai kwashe rufi kuwa daga gabas yake tasowa, shi ya sa maginan da suke ba bangon gabas kulawa ta musamman wajen yaɓe. Mu ma a yi masa filasta mai kyau, a rage masa taga.

Sai alƙibla. Daga Zariya gabas take, ta karkata arewa, wajen digiri 67 daga arewa. A juya mazaunin banɗaki ya kalli kudu ko arewa tun a takarda. Na ga gidan da aka fasa tayil sabo fil saboda an manta da wannan.

Mataki na 4: A raba filin

Bari in yi misali da namu. Fuloti biyu masu ƙafa 50 da 100 da ke manne da juna sun ba mu ƙafa 100 da 100, wato kusan mita 30 da 30, murabba'in mita 900. Titi yana yamma. Muka bar mita 6 a gaba don mota da babura da itatuwa, mita 3 a can gabas, ya rage mita 21. Muka jera gini layi biyu, ɗaya ta arewa ɗaya ta kudu, kowane layi sashe biyu, kowane sashe mita 10.5 da 7. Bayan kowane sashe akwai ɗan tsakar gida na mita 3 da aka kewaye, na iyalin kaɗai. Gabansa baranda ta mita 2. Tsakanin barandun biyu ya rage fili mai faɗin mita 6, shi ne babban tsakar gida na kowa.

A bakin wannan fili ta yamma muka gina zaure, da ɗaki ɗaya mai banɗakinsa a gefe. Zauren nan aiki uku yake yi. Yana tare idon mai wucewa, domin ƙofar waje da ta ciki ba su kalli juna ba, kamar dai yadda kakanni suke yi. Yana tare ranar yamma. Yana kuma ɗauke wa kowane sashe nauyin babban falon baƙi, wanda a yawancin gidajen zamani ya fi kowane ɗaki girma, ya fi kowanne kujeru, amma sai a yi sati ba a zauna a ciki ba. Baƙi maza a zaure, ɗaurin aure da zaman gaisuwa a zaure, karatun yara da daddare a zaure. Ɗakin gefen kuma na baƙon kwana ne, in samari sun tasa ya zama nasu.

Ƙaramin tsakar gidan baya kada a yi rowarsa, ko da filin ya matse. Nan mace take sakewa ta cire mayafi, nan ake wanki da shanya da daka, nan ake ɗaura gidan sauro a kwana a waje in dare ya ƙi sanyi a watan Afrilu. A kafa ƙugiyoyin ɗaura shi a bango tun lokacin filasta. Ƙofofin sassan da ke kallon juna ta babban tsakar gida kuma a goce su, kada wanda ke falonsa ya hango cikin falon ɗan'uwansa.

Lissafin ribar a bayyane yake. Bulo goma ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Bangon da sashe biyu suka yi tarayya a kai, mita 7 da tsayin mita 3, ya rage bulo 210, sau biyu 420. Katangar da za ta raba fulotin biyu, mita 30 da tsayin mita 2.4, ta rage wasu 720, ban da siminti da yashi da ladan birkila. Kuma bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu rana ba ta ganinsa ko sau ɗaya. Sai dai a yi shi da bulo inci 9, a cika ramukansa, a ɗaga shi ya wuce silin har ya taɓa kwano. In aka tsaya a silin, magana na ƙetarawa, ɓera na ƙetarawa, in gobara ta tashi ita ma ta nan za ta bi.

Mataki na 5: Cikin kowane sashe

A ɗauki sashen a matsayin gida shida na dara, uku a tsawo biyu a faɗi, kowanne kusan mita 3.5. Biyun tsakiya a haɗe su su zama falo da ya ratsa daga baranda har tsakar gidan baya, ƙofa a nan ƙofa a can, iska na wucewa. Biyun gabas ɗakunan kwana. Biyun yamma, ɗaya a raba shi kicin da banɗaki, ɗayan ya zama ɗaki na uku ko sito. Duk ƙofofi cikin falo suke buɗewa, don haka babu lungu. Lungun da ke tsakanin ɗakuna fili ne da aka biya kuɗin daɓensa da rufinsa, ba a kwana a ciki, ba a zama, kuma kullum sai an kunna masa ƙwai ko da rana.

Da yake dukkan sassan tsari ɗaya ne, ɗakin kwanan wani ba ya manne da ɗakin kwanan wani, sai in an mai da na ukun nan ɗakin kwana. Bututun ruwa dai a bi da su ta bangon waje, kada a binne su a bangon tarayya, in sun yi yoyo ɗakin maƙwabci ne zai jiƙe.

A sa ƙofar ɗaki a kusurwa, ba a tsakiyar bango ba, don gado da sif su samu wurin jingina. Sama da ƙofar kicin da ta banɗaki a zuba ɗan kankare a yi ma'aji, akwatuna da manyan tukwanen biki su hau can. In da tsoho a gidan, a ba shi ɗakin da ya fi kusa da banɗaki, kada a sa masa matakala. Wanda ke da niyyar ɗora bene wata rana ya faɗa wa injiniya yanzu a yi harsashin da zai ɗauka, ya kuma san tagar bene ba ta leƙa tsakar gidan maƙwabci.

Mataki na 6: Rufi, bango, taga

A gida mai hawa ɗaya, mafi yawan zafi ta sama yake shigowa. Baƙin rufin da ake yayi yanzu yana da kyau a ido, amma zafi yake sha ya juye wa na ƙasa. A sayi kwano fari ko mai hasken launi. A shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashinsa da ɗan sarari a tsakani. A yi silin, tsayinsa daga daɓe kada ya gaza mita 3. Sannan, abin da kafintoci da yawa ke tsallakewa, a bar wa sararin da ke tsakanin silin da kwano kafofin numfashi a ƙarƙashin zarcewar kwanon da kuma can ƙololuwa, a rufe su da raga saboda jemage da tsuntsu. In babu su, iska mai zafi ta taru a nan ba ta da mafita sai ta cikin silin.

Ɓoyayyen rufi, wanda ake ɗaga bango ya rufe kwano, ba na ba kowa shawararsa. Ya hana bango inuwa, ya bar shi ruwa na duka, kuma ranar da ganye ya toshe mazurarinsa a watan Agusta, cikin ɗaki ruwan zai sauka. Katakon rufi kuma a ɗaure shi da langa-langa ko rodi da aka binne cikin kankaren saman bango, ba ƙusa kaɗai ba.

Bango mai kauri na ƙasa yana jinkirta zafi sa'o'i da dama, sai dare ya yi kafin ya iso ciki. Da hunturu, lokacin da sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15, shi ne kuma ke riƙe ɗumi. Babban Gwani Mikaila, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara ya ɗaga bakan gizonsa, har yau kuma akwai unguwa mai sunansa a cikin birni. Ba cewa nake a koma tubali da makuba ba, azara ta yi wuya, masu yaɓe duk shekara sun ragu. Amma akwai matsattsen bulon jar ƙasa da ake bugawa da inji, a sa masa siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Ya fi bulon siminti mai rami riƙe sanyi, kuma in an buga shi da kyau ba ya buƙatar filasta. Sharaɗinsa a gwada ƙasar tukuna, a ɗora shi kan harsashin kankare ko dutse da ya ɗaga daga ƙasa aƙalla santimita 30 zuwa 45, a sa leda mai kauri ta tare damshi, a yi maganin gara, kwano kuma ya zarce ya kare shi. In bulon siminti aka zaɓa, a shafa wa waje farin fenti, na yamma kuma a yi masa inuwa.

Taga ba girmanta ne abin dubawa ba, inda take da yadda take buɗewa. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta ce kada taga ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai da abin yi mata inuwa. Tagar gilashi mai ja gefe rabinta kawai ke buɗewa. Wadda ake turawa waje kamar ƙofa duka take buɗewa, har ta kamo iskar da ke wucewa. Kowane ɗaki ya samu mashiga da mafita: taga a bangon waje, da ƙaramar kafa a saman ƙofa ko gaf da silin, inda iska mai zafi ke taruwa. Raga a kowace taga. Ƙarfen taga kuma, a kowane sashe a bar guda ɗaya mai buɗuwa da makulli daga ciki, a rataye makullin inda kowa ya sani.

Mataki na 7: Ruwa mai shigowa da ruwa mai fita

A nan haɗaka ta fi nuna amfaninta. Masana lafiya na son a bar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da ramin bahaya. A fuloti ɗaya mai mita 15 da 30, ga na maƙwabci a bayan katanga, wannan tazara ba ta samuwa, shi ya sa rijiyoyi da yawa a sababbin unguwanni ba sa shayuwa. A fili mai mita 30 da 30 kuwa, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta mita 42 ne. Rijiya ko burtsatse a kusurwar tudu, sokawe ɗaya babba a kusurwar gangare, kusa da titi inda motar kwashewa za ta iya kaiwa.

A ƙiyasta lita 50 ga kowane mutum a yini. Iyali huɗu masu mutum bakwai-bakwai lita 1,400 ke nan, to tankin sama na lita 3,000 zai kai kwana biyu. Injin tura ruwa mai aiki da sola ya cika shi da rana, da dare ruwan ya sauko da kansa, babu batir babu fetur. Kowane sashe da makunninsa a waje, don in famfon ɗaya ya lalace kada a kashe wa kowa.

Ruwan sama ma dukiya ce. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufinmu ya kai murabba'in mita 400, wato lita 400,000 ke sauka a kansa a shekara. Ko an cire asara, ya haura jarka 12,000 ta 'yan garuwa mai lita 25. Ba duka za a iya adanawa ba, amma mazurari a bakin kwano da tanki ɗaya a bayan kowane sashe sun ɗauke wanki da wanke-wanke na damina gaba ɗaya. Ruwan farko mai wanke ƙura da kashin tsuntsu a bar shi ya zube, tanki kuma a rufe shi saboda sauro da yara.

Babban tsakar gida kada a malale shi da siminti. Siminti zafi yake sha da rana ya amayar da dare, ruwa kuma ba ya nutsewa. A yi 'yar hanya ta tafiya, sauran a bar ƙasa da tsakuwa, a karkata shi kaɗan zuwa lambatu.

Mataki na 8: Wuta

A fara da rage buƙata kafin a je sayen sola. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Fankar sama ta gama-gari tana cin wajen wat 70, akwai sababbi da ke cin ƙasa da rabin haka. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya kuwa tana cin abin da fanka goma ke ci. Gidan da aka bi matakan baya wajen gina shi, fanka ta ishe shi a yawancin shekara.

Ga lissafin sashe ɗaya a yini: ƙwai shida na awa biyar, wat-awa 270, fanka biyu na awa takwas, 1,120, talabijin mai wat 60 na awa huɗu, 240, cajin wayoyi, a ce 50. Jimla kusan yunit 1.7, tunda wat-awa 1,000 ne yunit ɗaya. Sashe huɗu yunit 7, a ƙara firiza ɗaya ta haɗaka da fitilun waje, a ce 9. Da awa biyar na rana mai ƙarfi, bayan an cire asarar waya da inbata da ƙura, allon sola shida masu wat 450 sun ɗauka. A kafa su suna kallon kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15, inda inuwar tanki ko itace ba ta faɗa musu, inda kuma mutum zai iya hawa ya goge su, domin ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi sosai in an yi sati ba a taɓa su ba.

Kuskuren da muka yi, mita ɗaya muka fara sakawa muna raba kuɗin huɗu. Ba a yi wata uku ba aka fara ƙananan maganganu: wane yana da hita, wance tana guga kullum. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, tsarin ne bai yi adalci ba. Muka raba, kowa da mitarsa, maganar ta mutu. Don haka ko wutar gwamnati ko ta sola, kowane sashe da ma'auninsa. A ja layi biyu tun ana gini: ɗaya na fitila da fanka da caji, shi ke kan inbata, da abin katse wuta in an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, ɗayan na dutsen guga da hita da makamantansu, shi sai an kawo wuta. In kuɗi bai kai ba, a fara da solar ruwa da fitilun waje da firiza, amma a binne bututun wayar sauran yanzu.

Batir da inbata a ɗakinsu mai iska, ba inda ake kwana ba. Janareta in akwai shi, can gaba wajen motoci, nesa da kowace taga. Hayaƙinsa ba ya wari sosai kafin ya kashe, haka ma gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da hunturu.

Mataki na 9: Girki da dabbobi

Kowace mace da kicin ɗinta, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Tukunyar gas a waje cikin ɗan keji mai iska, bututu ya ratsa bango. Murhun itace na taron suna da biki kuwa guda ɗaya ya isa, a can filin mita 3 na gabas ƙarƙashin rumfa, kusa da garken awaki da akurkin kaji, amma nesa da kusurwar rijiya.

Mataki na 10: Wanne ake fara ginawa

Kuɗin mutum huɗu ba ya zuwa rana ɗaya. A fara da na kowa: katanga, ruwa, sokawe, zaure. Zauren zai zama ma'ajin siminti da makwancin mai gadi har a gama. Harsashin kowane layi a zuba shi gaba ɗaya tare da bangon tarayya, don kada wanda ya zo daga baya ya yi haƙa a gindin ginin ɗan'uwansa. Daga nan kowa ya ɗaga nasa gwargwadon ƙarfinsa, amma tsayin bango da gangaren rufi da launin kwano a bi abin da ke takarda.

Itatuwa kuma ba sa jiran a tare. A damina ta farko, tun ana haƙa harsashi, a dasa darbejiya biyu ko uku ta yamma, mita 4 zuwa 5 daga bangon ɗakuna da kuma sokawe saboda saiwa. Cikin tsakar gida a sa ƙanana, lemun tsami, gwaiba, gwanda, zogale a jikin katanga. A kewaye kowanne da tsohon bulo ko ƙaya saboda awaki da tayar baro, a ce wa mai gadi duk ruwan da aka wanke kwanon kwaɓa da shi kada ya kusance su, ruwan alwala da na wanke hannu shi ne nasu. Namu mun dasa su suna kai gwiwa, ranar da muka tare shekara uku bayan nan inuwarsu ta fara kaiwa tagar zaure da la'asar.